Goshin da Ya Yi Saɓa

Ranar da za a je neman auren Divina, Tinong ya tashi da fuska biyu, kuma babu ɗaya da zai iya fita da ita.

Ta saman, wadda ya yi shekara talatin da tara yana yawo da ita, ta bushe ta yi baƙi ƙirin, ta tsattsage kamar ƙasan kududdufin da ya ƙafe. Ta ƙasan kuwa tana leƙowa ta cikin tsagar, jawur, kamar ɗan ɓeran da aka haifa yanzu. Ya tsaya gaban guntun madubin da ke rataye a jikin ginshiƙi ya gwada murmushi. Gefen bakinsa ya ƙara tsagewa.

"Yesu da Maryamu da Yusufu!"

Yayarsa ce, Manang Belen, tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ita ce kuma za ta yi magana a madadinsa yau a gidan surukai.

"Manang, ki rage murya."

"In rage murya? Ashe abin da kake ɓoyewa ke nan! Ni ina ta yabonka wajen maƙwabta, wai ƙanena ƙwazo ya hana shi kwance rigar da yake naɗawa a kai ko a cikin gida. Me ya ci ka? Tafasasshen ruwa?"

"Mai ne."

"Man me? Man inji?"

Tinong ya dubi ƙasa.

"Man saɓa."

Manang Belen ta lalubi kujera ta zauna a hankali.

"Irin wanda 'yan mata ke saye a kasuwa su yi haske kafin bikin coci?"

"Shi."

"Kai, Celestino? Kai da furfura ta fara leƙo maka a gemu?" Ta ajiye ludayin a cinya. "Tun asuba nake kan wuta. Na yi taliya, na gasa kifi, na aika an sayo wainar shinkafa. Na shirya duk abin da zan faɗa a kanka. Ba ka sha, ba ka caca, kana da hankali. Yanzu na ukun sai in cire shi."

Abin da ya jawo wannan aika-aika kuwa, magana ce guda ɗaya, kuma ba a gaya masa ita kai tsaye ba.

Wata Lahadi ce bayan an fito daga coci. Yana tsaye bayan rumfar mai mangwaro, Aling Medy, mahaifiyar Divina, tana gaba tana zaɓe ita da ƙawarta. Ko ba ta gan shi ba ne, ko ta gan shi sarai, har yau bai sani ba.

"Mutumin kirki ne, ban ce ba," in ji ta, tana latsa mangwaro. "Amma ni da na raini 'yata a inuwa, jikokina su fito kamar gindin tukunya? Ranar biki mai hoto sai ya ce a ƙaro fitila."

Ƙawar ta yi dariya. Mai mangwaro ta yi dariya. Abin da ya fi ci masa rai, shi ma da suka haɗa ido da mai mangwaron, sai ya tsinci kansa yana taya su.

Aling Medy tana da nata ɗan takarar. Arnel, ɗan ƙawarta, a ɗakin girkin wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa yake aiki, can ƙasa inda babu taga. Ya dawo hutu da turare da cakulan da fata kamar ɓararren rogo. Ba laifinsa ba ne, rana ce kawai ba ta san inda yake ba. Tun da ya dawo, kullum sai wani abu ya lalace a gidan su Divina wanda Arnel kaɗai zai iya gyarawa.

Sai dai maganar ƙarshe ba a bakin Aling Medy take ba. Gidan na mahaifiyarta ne, Lola Sabel, tsohuwar da idanunta suka rufe tuntuni, kunnenta kuma ya ƙara buɗewa. Ita ba ta taɓa cewa ga wanda take so ba. Tinong yakan je duk Lahadi ya ɗauki hannunta ya kai goshinsa, ta ce masa Allah ya yi albarka, shi ke nan. Ita ce ta sa ranar yau, ta ce su zo ta ji da wace suka zo.

A yi masa adalci, sai da ya fara tambayar Divina. Ita ya kamata a tambaya, don aikinta ke nan. A wani ɗakin gyaran fata take aiki a birnin Alaminos, inda matan gari ke kwanciya a gado a shafa musu ruwan magani, tsohuwar fata ta ɗaye, sabuwa ta fito.

Ya ɗauko ta a babur daga wurin aiki, ya bari sai da suka hau titi, inda ba za ta ga idonsa ba.

"Wannan abin da kuke yi wa mata, ana yi wa maza?"

"Ana yi. Wa ke so?"

"Wani abokina."

"Abokin naka me yake yi?"

"Gishiri."

Ta yi dariya har ta buga kai a bayansa.

"Ka gaya wa abokinka a'a. Ba a yi wa mai aikin rana, balle a bazara. Ko matan ofis sai mun sa sun yi alkawarin zaman inuwa, su shafa man kare rana, su riƙe laima. Fatar da ke fitowa ɗanya ce, Tinong. Rana ta taɓa ta, tabo ne, wani ma ba ya fita."

"To idan abokin yana sauri fa?"

Hannunta da ke riƙe da rigarsa ya ƙara damƙa.

"Ka gaya masa wadda ke son sa ba ta yi ƙorafi ba."

Duk mai hankali a nan zai tsaya. Tinong kuwa washegari ya shiga kasuwa ta ƙofar baya, ya zagaya layin masu kayan shafe-shafe har wata mai tebur ta gaji, ta kira shi yadda ake kiran babban wa, ta ce, "Manong, na matarka ne ko?" Ya ce e. Ta miƙo masa ƙaramar kwalba mai ruwa kore, ta ce a shafa kaɗan. Shi kuma ya yi tunani irin na manomi: idan kaɗan yana aiki, da yawa zai fi. Fatarsa ai ba irin ta mata ba ce.

Ga shi a garinsu Dasol bazara ba lokacin zaman inuwa ba ce. Ita ce kakar gishiri. Ruwan teku ya kwanta a kwami, wato faffaɗan gurbin da ake tare shi a fili, rana ta shanye ruwan ta bar farin, da la'asar a ja da manjagara a cika kwanduna. Ruwan sama na farko yana sauka an gama, sai baɗi. Don haka ya shafa mansa, ya naɗe kai da tsohuwar riga kamar yadda kowa ke yi a filin, ya fita.

Fuskar ta fara ɗaurewa, sannan ƙaiƙayi, sannan ta tsage. Gumi ya shiga tsagar, gishiri ya bi gumi. Shi da ya yi rayuwarsa yana barbaɗa wa kifi gishiri, a makon nan ya san abin da kifi ke ji.

Ya yi ta aika wa Divina saƙo cewa aiki ya yi yawa. Ya yi ta jiran sabuwar fuska ta iso kafin ranar. Ranar ta riga ta.

"Mu aika mu ce ba ni da lafiya," in ji shi.

"A gidan Lola Sabel?" Manang Belen ta miƙe. "Ta sa rana ka ƙi zuwa, ka miƙa wa ɗan jirgi mata a faranti ke nan. Sa farar rigarka. Ga takunkumi, ga hula mai baki, ka ja ta har gira. Mura kake yi. Kada ka yi dariya, kada ka yi hamma, kada ka ci komai mai tsami."

Rana tana tsakiyar ka lokacin da suka isa. Aling Medy ta tarbe su da murmushin da bai wuce leɓe ba. Ta karɓi kwanukan abinci tana ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya kamar mai binciken kwastan.

A tsakiyar falo, Arnel yana tsaye a kan kujera yana taɓa fankar sama.

"Ƙara take yi," in ji Aling Medy. "Yaron nan bai iya ganin abu ya lalace ya wuce ba."

"Manong!" Arnel ya leƙo daga sama. Kullum haka yake kiransa, da ladabin da ke tuna wa mutum shekarunsa. "Lafiya? Ka rufe fuska kamar za ka shiga banki da bindiga."

"Mura ce," in ji Manang Belen.

"A wannan zafin?" Aling Medy ta ɗaga gira.

"Murar bazara ta fi naci."

Divina ta fito daga ɗakin girki cikin shuɗiyar riga, da fara'arta. Ta dubi hular, ta dubi takunkumin, ta dubi ɗan wurin da ya rage tsakaninsu. Fara'ar ta tsaya cak. Ita kam ba ta buƙatar a cire mata komai. Idon nan ya ga ɗaruruwan fuskoki.

Tinong ya kau da kai.

"Sun iso ne?" Muryar Lola Sabel ce daga kujerar kaba da ke kusa da taga. "Ina jin ƙanshin taliyar Belen. Ku matso mana."

Manang Belen ta je ta sunkuya, ta kai hannun tsohuwar goshinta. Sannan ta matsa gefe.

Sai a lokacin Tinong ya tuna. Duk shirin da suka yi, hula da takunkumi da mura, babu wanda ya tuna da gaisuwa a cikinsu. Abin da mutum ke yi tun kafin ya iya magana, shi ne abin da ba ya tunawa.

Ya durƙusa. Ya ɗauki siririn hannun ya kai shi bakin hular.

Lola Sabel ta janye.

"Tun yaushe ake gaishe ni da tsumma?"

"Lola, mura..."

"Murar a goshi take? Cire."

Ya ɗaga hular kaɗan, yadda bayansa zai kare shi daga 'yan falo. Gumi ya riga ya jiƙa wurin. Ya ɗora goshinsa a bayan hannunta, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Da ya ɗago, goshin bai biyo shi duka ba.

Wani ɓawo baƙi, faɗin ganyen lemo, ya manne a bayan hannun Lola Sabel.

Tsohuwar ta lalubo shi da ɗayan hannun. Ta ɗaye shi, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci.

"Mene ne wannan? Takarda?"

Fankar sama ta ci gaba da juyawa lafiya lau, ba ƙara ko kaɗan.

"Wa ya gaishe ni yanzu?"

"Ni ne, Lola. Tinong."

"Muryar tasa ce. Goshin ba nasa ba ne. Cire sauran, in ji me ɗakin zai ce."

Ya cire hular. Ya cire takunkumin, wanda shi ma bai fita hannu rabbana ba. Sannan ya juyo.

Aling Medy ta yi ƙara ta dafe ƙirji. Arnel ya yi wani tari mai kama da dariya, kujerar ta yi rawa a ƙarƙashinsa. Manang Belen ta zuba wa rufin ɗaki ido, leɓenta na motsi.

Tinong ya tsaya a tsakiyar falon cikin farar rigarsa mai guga, fuska dabbare-dabbare, nan baƙi, nan ja, nan wani ɓawo yana reto a gefen hanci. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ita ma ƙasar siminti ce.

Aling Medy ce ta fara dawowa hayyacinta, kuma ba kansa ta yi ba. Ta juya kan 'yarta.

"Ke kika yi masa wannan?"

"Mama..."

"Wa zai yi in ba ke ba? Aikin da na yi ta alfahari da shi a gari ke nan? Gobe duk kasuwa za a ce ga aikin hannun Divina yana yawo da ƙafa! Idan mai wurin naku ta ji fa? Wace mace za ta sake kwanta miki?"

Divina ta dubi Tinong. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ni ce, Mama. Na gwada masa, ya fi ƙarfin fatarsa. Kuskurena ne."

Ga ƙofa ta buɗe masa. Abin da ya rage kawai ya yi shiru. Mutumin da budurwarsa ta gwada wa magani abin tausayi ne, har ma abin yabo. Mutumin da ya saci hanya ya shiga layin kayan shafe-shafe kuwa, wannan labarin har jikokinsa sai sun ji shi.

Kuma gaskiya ya yi shirun, na ɗan lokaci. Ya yi shirun da zai daɗe yana tunawa.

"Ba ita ba ce."

Maganar ta fito ta gefen baki, don buɗe shi da yawa ciwo ne.

"Na tambaye ta, ta hana ni. Ta ce ba a yi a bazara, ba a yi wa mai aikin rana. Ni na je kasuwa na saya. Na ce wa mai sayarwa na matata ne. An ce in shafa kaɗan. Na shafe kwalbar duka."

Wannan karon Arnel bai iya mayar da ita tari ba. Ya sauko daga kujerar yana riƙe da ciki.

"Manong, ai da ka tambaye ni! Da na samo maka gurbi a jirgi, wata biyu a ƙasa ka wanke tas!"

"Kai mai fanka," in ji Lola Sabel, ba ta ko juyo ba. "In ka gama gyaran abin da bai lalace ba, ka zauna."

Arnel ya zauna.

"Me ya kai ka?" ta tambayi Tinong.

Ya dubi Aling Medy. Ta kau da kai tana gyara murfin kwano.

"Don kada mai hoto ya ce a ƙaro fitila," in ji shi.

Hannun Aling Medy ya tsaya a kan murfin. Jan da ya hau wuyanta ya kusa kamo na kumatunsa.

Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar wadda ta san muryar da ta yi wannan maganar ba sai an faɗa mata ba.

"Ni da goshi nake gane mutane," in ji ta. "Na Medy kullum maiƙo, duk abin da aka tallata a talabijin yana kai. Na wannan yaron na jirgi sumul, kamar in taɓa faranti. Naka kuwa, ranar da ka fara gaishe ni sai da gabana ya faɗi. Kaushi, da zafin rana, da ɗan gishiri-gishiri. Goshin Indong ke nan sak, mijina."

"Nanang, ba yanzu ba," in ji Aling Medy ga mahaifiyarta a hankali.

"Yaushe? Kina gaya wa ƙawayenki mahaifinki ɗan kasuwa ne. Manjagara ya ja har ya mutu, Medy. Gishirinsa ne ya saya miki inuwar da kika girma a ciki."



"Yau na tashi da amsata a baki," Lola Sabel ta ci gaba. "Tun jiya na shirya ta. Sai ga shi an kawo mini wani goshi mai laushi kamar cikin kwakwa."

Ta zaro hankici daga aljihu, ta shimfiɗa ɓawon a ciki, ta ninke da kyau kamar mai ajiye tsarabar coci.

"Wannan guntun na sani. Shi ke gaishe ni duk Lahadi. Sauran mutumin ban san shi ba. Ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba. Ba na ba da jikata ga wanda ke jin kunyar abin da ta zaɓa. Ka tafi. Ranar da ruwan farko ya sauka, ka kawo mini goshin in taɓa. In na gane shi, mu yi magana."

"Nanang," Aling Medy ta yi saurin cewa, "jirgin Arnel zai tashi kafin ruwa. Mutanensa suna so su zo ranar Lahadi."

"Su zo. Kujeru ba su ƙare ba. Belen, zuba mini taliyar nan kafin ta huce, ita ba ta yi laifin komai ba."

A bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, Divina ta same shi zaune a kan turmin wanki. Ta zo da ƙwaryar ruwan sanyi da tsumma mai tsabta.

"Ɗago."

Ya ɗago. Ta riƙe haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu, tana dubawa kamar yadda take duba ta kowace baƙuwa, sai dai hawaye na zuba mata har haɓa.

"Ka ɓare wannan da hannu."

"Ƙaiƙayi yake."

"Kada ka sake taɓawa. Da sabulun wanki ka wanke?"

Ya kau da ido.

"Allah ya ba ni haƙuri." Ta matse tsumman ta ɗora masa a kumatu. Sanyin ya ratsa shi har ya lumshe ido. "Na ce maka a'a, Celestino. A kan babur na ce maka. Ka zaci ban gane abokin ba?"

"Na so in ba ki mamaki."

"Ai kuwa ka ba ni."

"Divina, ki yi haƙuri."

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai?" Ta share ido da bayan hannu. "Ba dariyar Arnel ba. Ba maganar kasuwa ba. Shekara biyu ina faɗa da Mama a kanka. Ta ce baƙi, in ce ina so. Ta ce gindin tukunya, in ce a ciki ake dafa abin da muke ci. Na yi kuka a ɗakin nan har na gaji. Ina can ina gaya mata babu abin da ke damun fuskarka, ashe kai kana bayanta. Ku biyu ne, ni kaɗai."

Wannan ta fi gishirin zafi.

"Kullum ina goge wa mata fuska," in ji ta. "Suna kwance suna tambayata, na yi haske? Na yi haske? In tashi aiki in fito, in hango ka a kan babur, baƙi, ba ka tambayar kowa komai. In ji na huta. Yanzu kai ma ka shiga layi."

"Da kika ce ke ce, me ya sa?"

"Ban sani ba. Wauta ce, irin taka." Ta ja hanci. "Ka daɗe kafin ka yi magana. Na ji tsawon shirun nan."

"Na sani."

Wani mangwaro ɗanye ya faɗo kusa da ƙafarsa. Babu wanda ya dube shi.

"Zai koma yadda yake?" ya tambaya.

"Wani wurin zai koma. Wani wurin ban sani ba, ka riga ka kai shi rana yana ɗanye. In kana so ya warke, ba kai ba filin gishiri daga yau."

"Divina, tsakiyar kaka muke. Kwami cike yake. Da gishirin bana zan rufa ɗakin da za mu zauna."

"To ka zaɓa. Ɗaki mai rufi, ko wadda za ta zauna a ciki."

Ya sunkuyar da kai. Ya hango Manang Belen da manjagara a hannu, da abin da za ta riƙa faɗa a kansa da kowane ja.

"Ranar Lahadi fa?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "In sun zo, Lola ta tambaye ki, me za ki ce?"

Ta daɗe tana matse tsumman da babu sauran ruwa a ciki.

"Da safe na san amsar," in ji ta. "Yanzu ban sani ba."

Ta shiga gida. Ya zaci shi ke nan. Sai ga ta ta dawo da laimarta, wadda duk garin ya sani, ruwan hoda ce mai manyan furanni, da leshi a baki.

"Riƙe."

"Divina, wannan ai..."

"Duk inda za ka, da ita. Shago, coci, bakin titi. Takunkumi yana goge maka fata, kada ka ƙara sa shi. Ranar da aka ce mini an gan ka a rana babu ita, ba sai ka jira ruwa ba."

Ta juya ta tafi, ba ta waiwayo ba.

A bakin ƙofar gida Manang Belen tana jiransa da kwanuka wayam. Tsallaken titi, a ƙarƙashin rumfar masu keke mai ƙafa uku, rabin abokan aikinsa ne zaune suna jiran rana ta yi sanyi su koma fili. Daga yadda suka yi shiru gaba ɗaya suna kallon ƙofar, labari ya riga shi fita.

"Mu bi ta bayan gida," in ji Manang Belen. "Akwai hanya ta cikin ayaba."

Tinong ya dubi hanyar ayaban. Ya dubi tagar falo, inda labule ya ɗan motsa.

Ya danna maɓallin. Laimar ta buɗe fal a kansa, furanni da leshi da komai.

Rumfar ta fashe da ihu. Wani ya yi fito, wani ya faɗo daga kan benci. "Sarauniyar bikin bana!" in ji wani. "Madam, a kawo mota?"

Ya sauka kan titi. Da ya zo daidai rumfar, ya ɗan ɗaga laimar sama don su ga fuskar da kyau, su gama dariyarsu gaba ɗaya. Ta gefen leshin ya saci kallon sama. Tas take, babu girgije ko na magani, irin saman da ya yi shekara da shekaru yana gode wa Allah a kanta.

A karon farko a rayuwarsa, mai gishiri ya fara roƙon ruwa.